Zuwa ga iyayen yaranmu na ajin kimiyya: hanyar zama malamin kemistiri

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara. Da fatan an shiga sabon zango lafiya.

A zangon da ya wuce mun yi wata biyu cur muna neman malamin kemistiri mai rajista. Masu digiri sun zo da yawa, sai dai yawancinsu ba su karanci aikin koyarwa ba. Ga shi kuma a ajinmu na SS3, duk yaron da aka tambaya sai ya ce likita zai zama. Ba laifi ba ne, amma guraben likitanci kaɗan ne. Shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana muku wata hanyar.

Tushen abin shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi da kemistiri, sannan fizis ko bayoloji. Lissafin nan don Allah a sa masa ido. Yara da dama na son kemistiri saboda ɗakin gwaje-gwaje, inda ake ɗiga asid kaɗan-kaɗan har ruwan cikin kwalba ya sauya launi, ajin ya ɗauki sowa. To, bayan sowar akwai lissafin da za a zauna a yi, kuma a nan ake faɗuwa.

Daga nan sai JAMB. Wanda ya shiga kwalejin ilimi zai yi NCE na shekara 3, ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, kuma da ita yana iya shiga aji biyu a jami'a. Don koyar da babbar sakandare, mun fi ba da shawarar digirin ilimi a fannin kemistiri, shekara 4, irin wanda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da ke Kano. Can zai karanci sassan kemistiri tare da dabarun koyarwa da halayyar ɗalibai, sannan a tura shi wata makaranta gwajin koyarwa, malaminsa na zaune a bayan aji yana ba shi maki. Wanda kuwa ya riga ya yi digirin kemistiri zalla, sai ya ƙara da PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, wadda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ma tana bayarwa.

Lasisin koyarwa kuma daga hukumar rajistar malamai ta Najeriya, wato TRCN, yake fitowa, wadda aka kafa da dokar 1993. Sai an ci jarrabawarta ta kwamfuta kafin a yi wa mutum rajista.

Duk mai son ƙarin bayani ya zo ofishin malamin ba da shawara ranar Alhamis bayan an tashi, tare da yaron da sakamakonsa na zangon da ya wuce.

Na gode.
Shugabar makaranta