Ɗaya ga Oktoba: Ku Riƙa Farawa da Gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan gidanku, ina neman ɗan fili in yi tsokaci kan shirin nan naku na safe da kuke kawo abubuwan da suka faru a rana irin ta yau, musamman wanda kuka gabatar ranar 1 ga Oktoba. Na daɗe ina sauraron shirin, kuma ina jin daɗinsa, shi ya sa ma na ɗauki alƙalami. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Ga abin da kunnena ya jiye mini. Mai gabatarwa ya ce a 1908 kamfanin Ford ya fito da motar Model T a Amurka. A 1949 Mao ya ayyana Jamhuriyar Jama'ar Sin a Beijin. A 1960 Najeriya ta sami 'yancin kai. Daga nan ya shiga waɗanda aka haifa a ranar: Jimmy Carter a 1924, Theresa May a 1956, George Weah a 1966. Sai can ƙarshe, ana dab da saka talla, ya ce a 1996 an ƙirƙiro sababbin jihohi shida, ciki har da Gombe. Da numfashi ɗaya ya faɗe ta ya wuce. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ya karanta, na shaida wannan. Amma jeri ne kawai, wanda gidan rediyon kowace ƙasa zai iya karantawa ba tare da ya sauya harafi ba. Ku kuwa da Gombawa kuke magana, a ranar da aka haifi jiharsu.

Ranar Talata ce. Da sassafe Janar Sani Abacha ya yi jawabin cikar ƙasa shekara 36 da 'yanci, a ciki ya ambaci Bayelsa da Ebonyi da Ekiti da Nasarawa da Zamfara da Gombe, ɗaya daga kowace shiyya, jihohi suka cika 36. Tun daga ranar ba a sake ƙara ko guda ba. Yaran yanzu gani suke kamar haka aka saukar da Gombe daga sama da ƙananan hukumominta 11. Ba su san cewa a 1967, da Janar Gowon ya rusa manyan yankuna huɗu na da, Maiduguri ce babban birninmu ba, ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas. Ba su san cewa daga 3 ga Fabrairu 1976 zuwa 1996 mu 'yan Jihar Bauchi ne ba. Kuma ba su san zafin 1991 ba, lokacin da Janar Babangida ya cire Yobe daga Barno, ya raba Gongola ta zama Adamawa da Taraba, maƙwabta duk suka samu, mu aka tsallake mu. Dattawan da suka yi ta kai da kawowa da takardun koke har gaban kwamitin ƙirƙirar jihohi na Arthur Mbanefo sun san abin da suka sha. Sun kuma san cewa da masarautar Gombe ta Buba Yero ta tafi ita kaɗai, Tangale da Waja da Kaltungo da sauran mutanen kudu suka ja gefe, da wuya a ji sunanmu a jawabin nan. Sai da Bafillace da Batangale da Batere da Babole suka sa hannu a takarda guda, Musulmi da Kirista. A ganina wannan shi ne babban labarin ranar, kuma shi ne wanda muka fi buƙatar a riƙa maimaita mana yanzu da siyasa ke neman raba kanmu.

Ni a Bauchi labarin ya same ni, ina ƙaramin ma'aikacin gwamnati. Da aka koma aiki, ofis ɗaya ya wayi gari jiha biyu. Abokan da muka yi shekaru muna cin tuwo a kwano guda suka fara zolayarmu, wai baƙi sai ku tattara komatsanku. Muna dariya, amma kowa na lissafi a zuci: wanda ya gina gida a Bauchi, wanda matarsa 'yar Azare ce, wanda yaransa ke tsakiyar zangon karatu. Aka shiga rabon kaya, tebur da kujera da keken buga takardu da motoci. Fayil-fayil aka ɗaɗɗaure da igiya aka loda a manyan motoci, muka bi ta Dindima da Alkaleri muka iso garin da bai shirya karɓar ma'aikatan jiha guda ba. Gidan haya ya yi wuya. Manyan magidanta suna kwana a ɗaki ɗaya kan tabarmi, ranar Juma'a a cika tasha a koma Bauchi wajen iyali, Lahadi da yamma a dawo. A ofishinmu wanda ya riga zuwa shi ke da kujera, na bayansa sai ya jingina da taga ya yi rubutu a kan gwiwa. Haka aka fara aiki ƙarƙashin kantoman soja na farko, Joseph Orji, kafin Abubakar Habu Hashidu ya zama zaɓaɓɓen gwamna na farko a 1999.

Ba cewa nake ku mayar da shirin wurin kirari ba. Idan kun faɗi cewa an sami jami'ar jiha a 2004, da ta tarayya a Kashere a 2011, garin kuma ya buɗe ta kowace kusurwa, to ku faɗi ɗaya ɓangaren. Audugar da aka san Gombe da ita ta ja baya, layin dogon da ya iso mana a farkon shekarun 1960 ya yi shiru, kuma har yau kason da ke zuwa daga Abuja ne ƙashin bayan kasafin jihar. Duka tarihin ranar ne.

Haka batun 1960. Kowa ya haddace cewa an sami 'yanci, amma mai sauraro a Dukku ko Billiri ya cancanci a tuna masa cewa mutumin da ya tsaya ya yi jawabi a madadin ƙasa a filin sukuwa na Legas, gaban Gimbiya Alexandra wakiliyar Sarauniyar Ingila, malamin makaranta ne daga Lardin Bauchi, wato lardinmu. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya dawo ya koyar a Midil ta Bauchi, kuma kabarinsa na nan cikin garin Bauchi, tafiyar da ba ta fi ta sa'o'i biyu ba daga nan. Ranar ma kanta ba faɗowa ta yi ba. A 1953 ɗan majalisa Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba ƙasar mulkin kai a 1956, Sardauna ya ce sai lokacin da ya dace, rigima ta tashi har aka yi tarzoma a Kano. Daga nan aka yi ta zama a Landan, aka fito da tsarin tarayya da ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba 1954, Arewa ta karɓi mulkin cikin gida a Maris 1959, sannan aka zo 1960. Wannan duka bai fi minti biyu a faɗe shi ba.

Ban ji an ambaci 1963 ba, shekarar da aka zama Jamhuriya, Nnamdi Azikiwe ya koma shugaban ƙasa. Ban ji 1979 ba, ranar da Janar Obasanjo ya miƙa wa Shehu Shagari mulki, aka kuma rantsar da Tatari Ali gwamnan Bauchi, wato gwamnanmu na farar hula na farko mu ma. Maƙwabtanmu na Kamaru su ma ranar ta shafe su, don ranar 1 ga Oktoba 1961 Kudancin Kamaru na Ingila ya haɗe da ɓangaren Faransa, bayan na Arewa, su Mubi, ya zaɓi Najeriya. Tushen rikicin masu magana da Ingilishi da ake ta ji a labaranku yana nan.

Kada a ɗauka ina ƙyamar sunayen ƙasashen waje. Jimmy Carter ma na fi so a daɗe a kansa, sai dai ba don ya mulki Amurka ba, ba kuma don ya ziyarci Legas a 1978 ba. Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙauye a ƙasar nan ya san kurkunu. Ka sha ruwan tafki bana, baɗi war haka ƙafa ta yi ƙurji mai zafi kamar wuta, sai farin zare ya leƙo. Ba allura, ba ƙwaya. Sai dai a sami tsinke a naɗe kan tsutsar, kullum a ɗan murza kaɗan, a ɗaure da tsumma, a yi makonni a haka, don tsawonta kan kai mita guda. In aka yi gaggawa ta tsinke, ƙafa ta kumbura, wahala ta ninku. Kuma ba ta tashi fitowa sai lokacin noma. Na ga magidanci zaune a ƙofar gida ya miƙe ƙafa, yana kallon mutane na wucewa gona da fartanya, tasa gonar ciyawa na ci. Na ga yara sun bar makaranta zango guda a kanta.

Cibiyar Carter ta shiga yaƙi da wannan cuta a 1986, lokacin da ake ƙiyasin mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara a Afirka da Asiya. Da aka yi ƙidaya a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, an sami sama da mutum 650,000, babu ƙasar da ta kai mu. Da me aka ci ta? Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyin burtsatse, da maganin da ake zubawa a tafki, da hana mai ciwon tsoma ƙafa a ruwan sha, da masu sa kai na ƙauyuka da ke bi gida-gida. Janar Gowon da kansa ya yi ta zagaya ƙauyuka a kan haka. A Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Najeriya shaidar rabuwa da kurkunu. Carter, manomin gyaɗa daga wani ɗan gari a Jojiya, ya rasu a Disamba 2024 yana da shekara 100. Da haka aka gabatar da shi, na tabbata akwai tsohuwa a Nafaɗa ko Balanga da za ta dubi tabon da ke idon sawunta ta ce Allah sarki. Amma an ce tsohon shugaban Amurka na 39, an wuce.

George Weah ma yana da abin faɗi. Samari sun san shi da kyautar gwarzon ƙwallon ƙafa ta Ballon d'Or ta 1995, kuma har yanzu shi kaɗai ne mai buga wa ƙasar Afirka da ya taɓa ɗaukarta. Abin da na fi so su ji shi ne cewa yana kan kujerar shugaban Laberiya ya sha kaye a zaɓen 2023 da ɗan ƙaramin rata, ya kira abokin takararsa Joseph Boakai ya taya shi murna tun ba a gama sanar da sakamako ba. Ƙasar ce kuma sojojinmu na ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, suka zubar da jininsu a cikinta daga 1990, akwai iyalansu a barikokinmu da unguwanninmu. Theresa May da motar Ford kuwa, in lokaci ya ƙure, a bar su. Ba wanda zai yi ƙorafi a Kumo.

Na san abin da za a ce: jerin haihuwar da ake samu a intanet babu namu a ciki. Gaskiya ne, kuma dalilin a bayyane yake. Iyayenmu ba da rana da wata suke riƙe haihuwa ba. Cewa ake an haife shi shekarar zuwan Sarauniya, ko shekarar da aka kashe Sardauna, ko shekarar canjin kuɗi da naira ta shigo a 1973, ko da kaka bayan Sallar layya. Shi ya sa in ka duba katunan ɗan ƙasa na tsararrakina, 1 ga Janairu ta yi yawa har abin ya ba ka dariya. To idan intanet ba ta da mu, ai ku kuna da makirufo da mota. Ku yi cigiyar waɗanda aka haifa ranar 1 ga Oktoba 1996 a jihar nan, waɗannan kam suna da katin asibiti, yawancinsu sun yi aure har da 'ya'ya. Ku tambaye su me jihar da suke sa'anni da ita ta yi musu, me ta gaza. Ku nemi na 1960 su ma, ko da mutum biyu ne.

Wanda ya fi gaggawa shi ne dattawan da suka yi fafutukar neman jiha. Da yawa sun riga mu gidan gaskiya, ciki har da Mai Martaba Sarkin Gombe Shehu Usman Abubakar, wanda a zamaninsa aka samu, ya rasu a 2014. Waɗanda suka rage tsufa ya cim musu, kuma takardun koken na cikin akwatunansu, gara na jira. Ku aika wakili da na'urar ɗaukar magana ya zauna da su, har da tsofaffin ma'aikata da direbobin da suka yi jigilar kaya daga Bauchi, da matan da aka bari da yara a can. Ku adana muryoyin, ku riƙa gutsuro wa masu sauraro kowace shekara.

Ba sai an jira wata Oktoba ba kafin a gwada. Ga 3 ga Fabrairu, ranar Jihar Bauchi. Ga kuma 27 ga Yuli, ranar da sojojin Turawa suka ci Bormi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kwanta dama tare da ɗaruruwan mabiyansa a kan hanyarsu ta hijira zuwa gabas. Wurin na nan a ƙasar Funakaye, kusa da Bajoga, mota na zuwa. Zan kasa kunne ranar in ji da wane labari za ku buɗe shirin.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara basira, ya bar zumunci.

Naku mai sauraro,
Wani tsohon ma'aikaci mai ritaya,
Jekadafari, Gombe.