Wasiƙa daga Frankfurt kan makarantar 'ya'yan sojan Amurka da ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta

Frankfurt, Jamus

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da iyali da yara baki ɗaya. Ya jikin Baffa? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara kankama.

Saƙonka ya iso, cewa kai da waɗanda kuka yi makarantar bariki tare kuna son kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, amma kun rasa ta inda za ku kama tunda kowa ya bi canjin aikin ubansa ya watse. A garin nan akwai waɗanda suka riga ku shiga wannan hali, nasu ma ya fi naku tsanani, don makarantarsu an rufe ta ɗungurum. Sunanta Frankfurt American High School.

Asalinta shi ne ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Da Jamus ta miƙa wuya a 1945, sojan Amurka suka mai da Frankfurt hedikwatarsu, Janar Eisenhower ya zauna a katafaren ginin kamfanin IG Farben. A watan Afrilu na 1946 jirgin ruwa ya fara sauke matan sojoji da 'ya'yansu a tashar Bremerhaven, nan take kuma maganar karatun yara ta taso. Makarantun Jamusawa da yawa bam ya rusa su, harshen ma ba ɗaya ba. Sai rundunar ta kafa nata sashen ilimi, ranar 14 ga Oktoba 1946 aka buɗe firamare 38 da sakandare 5, ɗalibai kusan 1,300. Ta Frankfurt na cikin biyar ɗin, haka ta Berlin da ta Heidelberg da ta Munich. Majalisar Amurka ba ta ware kuɗin wannan aiki a farko ba. Da ribar giyar da ake sayar wa sojoji a kantunan bariki aka riƙa biyan malamai, tare da ɗan abin da iyaye ke bayarwa. Daga baya ne gwamnati ta ɗauki nauyin, har aka haɗe makarantun ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro, hukumar da yau ake kira DoDEA.

An fara karatu a ginin wata makarantar Jamusawa da soja suka karɓe. A 1954 aka koma sabon gini a titin Siolistrasse, dab da hedikwatar. Manhaja ta Amurka ce zalla, malamai daga can ake ɗauko su, sai malaman Jamusanci 'yan ƙasa. Alamar makarantar mikiya ce, launinta baƙi da ruwan zinariya. Yaran Oberursel da Bad Homburg da sauran garuruwan kewaye bas ɗin soja ke kwaso su kullum. Na nesa kuwa kwana suke yi, kuma ɗakunan kwanan iri biyu ne: masu tafiya gida ranar Juma'a su dawo kafin Litinin, da waɗanda sai hutu ya zo suke ganin iyayensu. Julianne Moore, 'yar fim ɗin nan, a nan ta gama a 1979. Norman Schwarzkopf, wanda ya jagoranci yaƙin Tekun Fasha a 1991, shi ma ya zauna a ajinta na ɗan lokaci, ya wuce ta Heidelberg, ya je ya gama a Amurka.

Labarin Schwarzkopf ɗin nan shi ne na akasarin ɗaliban. Soja mai iyali shekara uku ake turo shi, ana kuma iya ɗauke shi a tsakiyar zangon karatu. Saboda haka kaɗan ne suka fara suka gama a wuri guda. Yaro zai yi aji 9 a Texas, aji 10 da 11 a Frankfurt, ya karɓi takardar gamawa a Virginia. A kan hanya darussan da ya ci sukan zube, domin kowace jiha da sharuɗɗanta, wata ma sai ka yi tarihin jihar kafin ta ba ka shaida. Sai a 2008 jihohin suka fara sa hannu kan yarjejeniyar amincewa da sakamakon 'ya'yan soja, lokacin makarantar Frankfurt ta daɗe da zama tarihi.

Abin da ya kashe ta zaman lafiya ne. Katangar Berlin ta faɗi a 1989, Jamus ta haɗe a 1990, Amurka mai soja sama da 200,000 a ƙasar ta shiga kwashe su. An rushe runduna ta 3 ta tankokin yaƙi a 1992, hedikwatar babbar rundunar da ake kira V Corps ta tashi daga Frankfurt ta koma Heidelberg a 1994, a 1995 aka yaye ajin ƙarshe aka rufe ƙofa. Ginin na nan, makarantar koyon sana'o'in gini ce a ciki yanzu, Philipp-Holzmann-Schule. Ginin IG Farben kuma Jami'ar Goethe ce ta tare a cikinsa tun 2001. Sakandaren Heidelberg ma a 2013 aka rufe ta.

To Yaya, duba bambancin. Wanda ya yi makarantar gari, in ya koma bayan shekara talatin zai tarar da iyayen abokansa, da limamin unguwa, da mai shagon da ya san inda kowa ya nufa. Waɗannan ba su da ko ɗaya. Adireshin da ke cikin rajista lambar gidan wayar soja ce, wadda ta mutu ranar da aka rufe barikin. 'Yan mata sun yi aure sun ɗauki sunan miji, kamar yadda al'adarsu take. Malamai sun watsu a Japan da Italiya da Koriya. Shi ya sa ƙungiyoyinsu ba a kan gari suka ginu ba, a kan takarda suka ginu.

Takarda mafi daraja a wurinsu ita ce kundin shekara, littafin da makaranta ke bugawa duk ƙarshen shekarar karatu ɗauke da hoton kowane ɗalibi da sunansa da ajinsa. Daga shi ake fitar da jerin sunaye, a raba wa masu sa kai, kowa ya nemo nasa kason. A ganina wannan ne wurin da ku za ku fi shan wuya, tunda makarantunmu ba su saba buga irinsa ba. Madadinsa shi ne rajistar shiga makaranta, da rajistar kiran suna, da hotunan aji. Ku je ku ɗauki hotonsu shafi-shafi tun gara ba ta gama da su ba. In da injin sikan za ku yi, kada ma'aunin kaifin hoton ya gaza 300 dpi ga rubutu, 600 ga hoto, a ajiye kwafi a hannun mutum uku da ba gari ɗaya suke ba.

Kowane suna a jerin yana buƙatar sunan da aka san mutum da shi a makaranta, sunansa na yanzu, shekarun da ya yi, rundunar mahaifinsa, lambarsa, da lambar wani ɗan'uwa da ba ya ƙaura. Na ƙarshen nan shi ake yawan mantawa, shi ne kuma yake ceton jerin bayan shekara biyar. Rundunar uba tana da amfani domin iyalan bataliya ɗaya tare ake kwashe su, in ka samu ɗaya sau da yawa ka samu goma.

Sai sharaɗin zama mamba. Ƙungiyar da ta ce sai wanda ya gama a makarantar ta kori mafi yawan mutanenta da hannunta. Ƙa'idar da ta yi musu aiki ita ce duk wanda ya zauna a aji, ko zango ɗaya ne, tare da malamai. Haka nan aji ɗaya ba ya cika zaure, don haka sukan haɗa shekaru da yawa a jere su zama rukuni guda, tunda dama abokan mutum na sama da shi da na ƙasa da shi ne. Taron kuma yawo yake yi daga birni zuwa birni a Amurka, jefi-jefi a zo Jamus.

Wajen kuɗin taro ake yawan faɗawa rami. Otal yakan ware ɗakuna a kan yarjejeniya, ya ce sai an cika kaso mai yawa, sau da yawa 80 cikin 100, in ba a cika ba wanda ya sa hannu shi zai biya giɓin. Mutum ɗari za su ce suna zuwa, rabi su bayyana. Maganinsa a karɓi kuɗin rajista kafin a sa hannu, a ƙirga waɗanda suka biya kaɗai. Asusu ya zama da sunan ƙungiya, masu sa hannu biyu. A Amurka ƙaramar ƙungiya mai rajista sai ta aika wa hukumar haraji ɗan bayani duk shekara, in ta yi shekara uku a jere ba ta aika ba an soke mata rangwamen haraji kai tsaye, kuma hakan na faruwa ne in ma'aji ya rasu ko ya gaji ba wanda ya karɓa. Ku a gida rajistar amintattu ce za ku yi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Zauren Facebook ko WhatsApp ma kada mutum ɗaya ya riƙe shi, aƙalla uku.

Akwai abu biyu da suka tallafe su daga waje. A 1986 Joe Condrill ya kafa Overseas Brats, wadda ke haɗa tsofaffin ɗaliban makarantun ƙetare duka, tana kuma koya wa ƙananan ƙungiyoyi shirya taro. Sannan akwai American Overseas Schools Historical Society a Wichita ta jihar Kansas, wadda Thomas Drysdale ya assasa. Can ake kai kundayen shekara da kofuna da tutoci da jaridun ɗalibai na makarantun da aka rufe. Sakamakon jarrabawa kuwa ba ya hannun ƙungiya, yana ofishin ajiyar takardu na DoDEA, can mai nema zai rubuta. Ku ma ku tambayi hukumar makarantarku tun yanzu ina takardun ɗalibai ke komawa in an haɗe makaranta da wata ko an tashi barikin, ku samu amsar a rubuce.

In kun tsara daftarin tsarin mulkin ƙungiyar ka turo mini in duba. Ka gaida Inna ƙwarai, ka ce mata maganin ƙafar yana hanya ta hannun mai zuwa Kano ƙarshen wata. A gaida Gwaggo da mutanen gidan Baffa, a shafa mini kan yara.

Wassalam,
Ƙaninka