Hattara da bulok na jabu a tsofaffin motocin Amurka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin masu sha'awar tsofaffin motocin Amurka masu manyan injuna, waɗanda aka ƙera daga 1964, shekarar da Pontiac GTO ta fito, zuwa farkon shekarun 1970. Darajar irin waɗannan motoci ta rataya ne a kan ko bulok ɗin injin da ke cikinsu, wato babbar gangar ƙarfen injin, shi ne wanda suka baro kamfani da shi. A 2014 an yi gwanjon wata Plymouth Hemi Cuda ƙirar 1971 mai buɗaɗɗen kai a birnin Siyatil a kan dala miliyan 3.5, kuma injinta na asali yana cikin abin da ya kai ta wannan farashi. Duk inda kuɗi ya kai haka, ba a rasa 'yan damfara.

Babban kuskuren masu saye shi ne dogara da lambar zubi kaɗai, wato lambar da ke fitowa a jikin ƙarfen tun lokacin da aka narka shi aka zuba. Mu ɗauki Chevrolet Chevelle ƙirar 1970 mai injin LS6, wanda kamfanin ya ce yana da ƙarfin doki 450. A bayan bulok ɗinsa, ta ɓangaren direba, za a ga 3963512, sai dai an yi amfani da wannan lamba a injunan da ba su kai shi ƙarfi ba, har da waɗanda noti biyu ne ke riƙe kowane murfin karanshaf ɗinsu (sandar ƙarfen da ke juyawa a ƙasan injin), alhali na LS6 noti huɗu ne. Ba a tabbatar da wannan bambanci sai an kwance kaskon baƙin mai.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana kan wani ɗan fili mai santsi a gaban injin, ta ɓangaren fasinja. A nan kamfani ya buga harafin T, alamar masana'antar Tonawanda da ke jihar Niyok, da wata da ranar da aka haɗa injin, sannan CRV idan giyar hannu ce ko CRR idan mai sarrafa kanta ce, galibi tare da ƙarshen lambar shasin motar. Dole ne ranar zubi, wadda ita ma take jikin bulok ɗin, ta riga ranar haɗa inji, ita kuma ta riga ranar ƙera motar. Idan jerin ya birkice, to akwai lauje cikin naɗi.

Macuta sukan goge wannan fili su buga sabuwar lamba, amma aikinsu yakan tona musu asiri. Injin da kamfani ya goge filin da shi ya bar siraran layuka miƙaƙƙu daga gaba zuwa baya, na wurin gyara kuwa layuka masu lanƙwasa yake bari, kuma tocila da gilashin ƙara girma sun isa a gani.

Akwai kuma bulok masu haruffan CE, waɗanda Chevrolet ya riƙa bayarwa a madadin injin da ya lalace. Ba jabu ba ne, kuma ban ga laifin sayensu ba, matuƙar mai sayarwa ya faɗi gaskiya kuma bai nemi kuɗin na asali ba.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano