Wasiƙa a kan madubin hangen nesan da na saya na hannu

Kano,
Disamba 2025.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Ingila? Mu ma nan hunturu ya sako kai, safiya sai da rigar sanyi. Hajiya tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko man shanun da aka ba ka bai ƙare ba.

Na san za ka yi dariya, amma babban madubin hangen nesan nan da ka ce nauyi gare shi, in haƙura da shi sai na ƙware, na saya. Ka tuna ƙaramin madubin hangen nesan da ka bar mini, mai bakin milimita 70? Shekara guda ina fama da shi. Wata yana fitowa tsaf a cikinsa, amma da na juya shi wajen wani abu mai dishi-dishi sai in ga kamar tabon yatsa a gilashi. A ƙarshen Oktoba wani abokin aikina ya ce mini wani malamin makaranta zai bar ƙasar yana sayar da kayansa, har da wani "ƙaton bututu" da ba wanda ya taya. Zuwa da kai ya fi aike, washegari na tafi.

Irin wanda ake kira Dobsonian ne, bakinsa inci 8, wato milimita 200, tsawon bututun ya kai mita ɗaya da ɗan wani abu. Ba gilashi a gabansa kamar naka. Madubi ne mai kwarmi a can gindi yake tara haske, ya turo shi kan wani ƙarami na sama, shi kuma ya karkato shi gefe inda ake sa ido. Dabarar Isaac Newton ce tun 1668. Akwatin katakon da yake zaune a kai kuwa, wanda ake turawa da hannu sama da ƙasa, hagu da dama, aikin wani Ba'amurke ne, John Dobson, wanda ya riƙa kafa nasa a bakin titin San Francisco yana kiran masu wucewa su leƙa. Lissafin da ya ja ni shi ne na haske: ka raba 200 da 70, ka ninka amsar da kanta, za ka ga ya fi naka tara haske sau takwas. Ni da na ɗauka girman hoto ne komai, ashe faɗin baki ne.

Ban biya ba sai da na sa muka kwance madubin. Na haska tocila ta bayansa ina neman inda fentin alminiyon ya ci, na ga 'yan ɗigo kaɗan a gefe, ba abin damuwa ba. Ƙura kam ta yi masa kaca-kaca, har da saƙar gizo-gizo, ita ce ma ta taimake ni wajen ciniki. Muka daidaita a abin da bai kai rabin kuɗin sabo ba, ya haɗa mini da ƙananan gilasan ido biyu, mai milimita 25 da mai 10. A adaidaita sahu na ɗauko shi, bututun ya leƙo waje, direban yana ta tambaya ko igwa ce.

Daren farko na kusa cewa araha ba ta ado. Kowane tauraro na duba sai in gan shi da jela kamar ɗan tsako ya faɗa ruwa. Na kwana ina lissafin asara. Da na bincika sai na gane madubai biyun ne suka kauce wa juna, kuma hakan al'adar irin wannan na'ura ce in ta sha jijjiga a hanya. Akwai kusoshi uku a gindi da ake murzawa a hankali har tsakiyar babban madubin ta zo daidai tsakiyar abin da ido ke gani. Na huda marfin wata robar magani a tsakiya na maƙala a gurbin ido, da shi na yi saitin. Karon farko ya ci mini yini guda, yanzu minti biyar ya ishe ni. Wankin madubin ma da ka'idarsa: tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir (ba asid ba) da ɗigon sabulun ruwa da auduga, kuma ba a goge shi a bushe, don ƙurar nan tamu yashi ce, sai ta karce shi. Sannan sai an fitar da shi tsakar gida ya sha iska kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, zafinsa ya yi daidai da na waje, in ba haka ba hoton ya riƙa rawa kamar kwalta da tsakar rana.

Bayan nan ne na ga Zuhal, wato Saturn, duniyar nan mai zobe. Na yi rashin sa'a, bana zobensa gefe ya ba mu, tun watan Maris da ya daidaita da mu, don haka kamar allura aka soke a jikin ɗan goro. Amma wallahi sai da na yi tasbihi a fili. Mushtari kuwa, wato Jupiter, ya fi ba ni mamaki. Da gilashi mai milimita 10 girma yana kaiwa sau 120, sai ga ɗamara biyu masu duhu a jikinsa, ga watanninsa huɗun nan da Galileo ya gani a 1610, yau uku a dama ɗaya a hagu, gobe sun sake jeri. Sai dai ba ya tsayawa. Juyawar ƙasa tana fitar da shi daga gani cikin abin da bai kai minti biyu ba, sai ka yi ta tunkuɗa bututun kaɗan-kaɗan, kuma komai a kife yake, sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu. Kaza da 'ya'yanta ma ba ta shiga duka a ciki, ta fi kyau a naka ƙaramin. Na faɗa maka don ka ji daɗi.

Inda maganarka ta fito shi ne nauyi. Bututu da akwati sun haura kilo 20, sahu biyu nake yi, kuma hawa soro da shi sai da ɗan ƙanena. Akwai daren da sama ta yi garau, na dube shi a lungu, na ce gobe. Goben nan hazo ya sauko, kwana tara ko wata da ƙyar ake gani. Ga fitilun unguwa. Ni yanzu in an ɗauke wuta murna nake yi, har sai maƙwabta sun tayar da janareto.

Maƙwabtan ma labari ne. Wani dattijo ya ja ni gefe ya tambaye ni ko duba na fara. Na ce Baba zo ka leƙa. Ya ga ramukan wata, ya ɗago, ya sake leƙawa, bai ce komai ba sai "Allahu Akbar". Yanzu ya ce in shirya neman jinjirin watan azumi, na ce masa sanarwa dai ta Sarkin Musulmi ce, mu namu kallo. Yara kuwa na kafa musu doka, kuma da rana a ɗaki nake kulle shi, don duk wanda ya dubi rana ta ciki ya rasa idonsa nan take.

Wajen Afrilu, in hazo ya yi sauƙi kafin hadari ya fara, ina so in kai shi ƙauyenmu in nemi Omega Centauri, dunƙulen taurarin nan na kudu. Daga nan Kano yana hawa har wajen digiri 30 sama da doron ƙasa. Ku can ba ya leƙo muku ko kaɗan, sai ka zo gida.

In Allah ya kawo ka da babbar sallah, don Allah ka taho mini da gilashin ido mai milimita 6 ko kusa da haka, mai gindin inci 1.25, ko na hannu ne ba komai in dai ba karce. Kuɗin zan ba ƙaninka a nan. Ka gaishe da maiɗakinka da yara.

Naka har kullum,
Amininka.