Ruɓewar lemo da mangwaro: ba a kasuwa take farawa ba

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba mu fili mu yi magana kan asarar da ake tafkawa a kasuwanni irin ’Yan Lemo ta Kano, inda ake sauke lemo daga Binuwai, kafin kwana uku a ga ƙasan tarin ya yi kore. Dillali ya zargi zafi, direba ya zargi hanya. Gaskiyar ita ce koren nan fumfuna ce, kuma ta shiga tun a gona.

Koriyar fumfunar lemo, wadda masana ke kira Penicillium digitatum, ba ta iya huda lafiyayyen ɓawo, sai ta sami rauni. Farcen mai tsinka, ƙayar reshe, tsinken kwando, ko faɗuwa ƙasa idan an girgiza bishiya, duk ƙofa ce. Wurin ya fara laushi kamar an jiƙa shi, farin gashi ya fito, sannan ya koma kore. Koren nan ƙura ce, kuma ita ce irin cutar. Shi ya sa barin ruɓaɓɓen lemo kusa da tari kuskure ne babba, domin iska za ta raba wa sauran. A haƙa rami nesa a binne.

Maganinsa: a yanke lemo da almakashi, kada a tsinka da raɓa ko bayan ruwan sama, kuma a zuba a kiret na roba da aka wanke, a daina jibge shi tsirara a bayan mota. A ranar da aka tsinka, a narka giram 600 na bekin soda a ruwa lita 20, a tsoma lemon minti 2, a shanya a inuwa ya bushe sarai. Idan aka yi jinkirin kwana biyu, cutar ta riga ta kama, tsomawar ba za ta yi wani amfani ba.

Na mangwaro ya fi wuyar sha’ani. Baƙin tabon da ke cin sa, wato antaraknos, yana shiga ne tun ’ya’yan suna ƙanana a kan bishiya, musamman idan akwai laima. Sai ya kwanta a ƙarƙashin ɓawo, babu alama, har ranar da mangwaron ya fara nuna. Wanki kaɗai ba ya kai wa gare shi. Dole a sassabe matattun rassa, a yi feshin maganin kashe fumfuna, mankozeb ko mai sinadarin tagulla, daga lokacin fure bisa ƙa’idar da ke jikin kwalin. Wajen tsinka a bar ɗan karansa kamar santimita 1, saboda danƙon da ke tsiyaya yana ƙona ɓawo, ruɓa kuma ta bi ta nan. Bayan haka a tsoma shi a ruwa mai zafin digiri 52 a ma’aunin Selshiyos na minti 5. A nan muke roƙon a sayi ma’aunin zafi, kada a gwada da hannu: idan zafin ya gaza 50 cutar ba za ta mutu ba, idan ya haura 55 ɓawon zai dahu.

Mai ɗakin sanyi ya ajiye mangwaro a digiri 13. Ƙasa da 10 ɓawonsa yana dusashewa, ya ƙi nuna yadda ya kamata.

Muna kira ga shugabannin kasuwanni su ware wurin zubar da ruɓaɓɓen kaya nesa da rumfuna, su kuma samar da kiret na haya ga ƙananan ’yan kasuwa.

Daga wasu malaman gona, Kano