Dokar Ostiraliya da yadda ake ƙera manhajojin sada zumunta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan dokar da majalisar Ostiraliya ta zartar a Nuwamban 2024, wadda ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a TikTok, Instagram, Snapchat da makamantansu. Masu kiran a kwaikwayi dokar a Najeriya suna da hujja, amma a ganina sun tsallake tushen matsalar.

Da gangan aka ƙera waɗannan manhajoji don mutum ya kasa ajiye waya. Bidiyo na ƙarewa wani ya fara da kansa, shafin kuma ba shi da ƙarshe balle a ce an kai gaci. Manhajar na lura da abin da ka daɗe kana kallo, ta ƙaro maka irinsa, domin daɗewarka ita ce kuɗin tallarsu. Snapchat har ƙirga kwanakin da abokai suka jera suna aika wa juna hoto yake yi, yaro ya riƙa fargabar katsewar lissafin.

Ina koyarwa a sakandare. Ɗaliban da ke gyangyaɗi a darasin farko, akasarinsu datar dare mai rahusa suka saya suka raba dare suna kallo, wasu ma da wayar iyayensu. Dokar shekaru ba za ta kama wannan ba.

Shawarata ga NITDA, wato hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, da Majalisar Tarayya ita ce a tilasta wa kamfanonin su kashe tsarin da bidiyo ke kunna kansa da sanarwar da manhaja ke turowa cikin dare tun daga farko, sai wanda ya so ya kunna da hannunsa.

Naku,
Wani malamin makaranta, Zariya