Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Buga Riguna a Garwa, Kamaru

Assalamu alaikum iyayen sana'a, 'yan'uwa maza da mata, da yaranmu masu koyon aiki. Bayan godiya ga Allah da ya nuna mana ƙarshen shekara lafiya, ga bayanin kwamiti kan ayyukan bana.

Kasuwa ta tafi yadda ta saba. Aiki ya yi yawa gabanin 11 ga Fabrairu, ranar matasa, da 1 ga Mayu, ranar ma'aikata, da 20 ga Mayu, ranar ƙasa, lokacin da makarantu da ma'aikatu ke neman rigunan fareti. Da aka shiga dogon hutu kuma, gasar ƙwallo ta unguwanni ta kawo mana bugun lambobi da sunaye. Sai dai a kwanakin rububin nan ne aka fi tafka asara, kuma koken da ya fi zuwa gaban kwamiti shi ne ƙonewar riga a injin da ke danna rubutu da zafi. Can ƙarfin ƙungiya ya karkata a bana.

Da kuɗin asusu aka sayi ma'aunin zafi, irin wanda ake haska farantin inji, wato ƙarfen da ke danna riga, da shi daga nesa, aka zagaya da shi shago-shago. Abin da muka gani ya tayar mana da hankali. Injuna da dama, lambar da ke kan allonsu daban, zafin farantin daban. Wasu kuma tsakiya ta fi gefe zafi nesa ba kusa ba. Mai irin wannan inji yakan ga gefen rubutu bai kama ba, sai ya ƙara wuta, tsakiyar riga ta ƙone. An kuma tunatar da masu bin umarnin intanet cewa Amurkawa da Faranhait suke awo: 320 nasu shi ne 160 a namu awon na Salshiyas.

Zaman horon da aka yi kafin bikin Mayu ya tsaya ne kan sanin yadi, don a ganinmu nan tushen matsalar yake. Auduga zalla tana da juriya. Fileks na yau da kullum, wato ledar da ake yanka rubutu da lamba a manna a riga, yana kama ta a digiri 150 zuwa 160, cikin daƙiƙa 10 zuwa 15. In aka zarce, farar riga ta yi rawaya. Yadin roba, wato foliyesta na rigunan ƙwallo, shi ba ya yafiya. Zarensa narkewa yake, ya bar shatin faranti yana ƙyalli, kuma babu wankin da ke fitar da shi. Maganinsa fileks mai kamawa a 130 zuwa 140, a kuma sassauta matsi. Jan foliyesta ma ya fi wuya, domin zafi na tayar da rininsa ya shige farar lamba, bayan 'yan kwanaki ta koma ruwan hoda a hannun mai kaya. Jar auduga kuwa takan yi duhu tana da zafi, ta dawo daidai in ta huce, don haka kar a yi saurin yanke mata hukunci.

Wani abin da muke roƙo a kiyaye: aikin sublimashan, wato shigar da rinin zane cikin yadi da zafi, yana cin kusan digiri 200. Wanda ya gama shi ya rage lambar zafi, ya ɗora riga nan take, bai yi komai ba, faranti bai huce ba tukuna. A jira. A riƙa shimfiɗa takardar Teflon tsakanin faranti da riga, a sa matashi a cikin rigar don wuya da ɗinki kar su ɗauki matsin. Da damina a fara danna rigar daƙiƙa 3 zuwa 5 danshi ya fita. In ƙunar ba ta yi nisa ba, ruwan oksijene na wanke ciwo yakan rage ta, amma a farar auduga kaɗai.

Babban taro ya amince da ƙa'ida guda: duk aikin da ya zo da yawa, a gwada a riga ɗaya, mai kaya ya gani kafin a ci gaba. Kwamiti ya kuma sasanta rigingimu tsakanin wasu mambobi da abokan cinikinsu. Muna kira ga iyayen gida da su daina cire kuɗin riga daga hannun yaron da ba a nuna masa awo ba. Wannan ba adalci ba ne.

Sayen na'urar daidaita wutar lantarki a dunƙule bai yiwu ba, saboda kuɗin wata-wata bai shigo yadda ya kamata ba. Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a taro mai zuwa, kuma masu bashi su daure su biya kafin nan. Ma'aunin zafi yana hannun sakatare. Duk mai so a auna masa inji ya rubuta sunansa kafin aikin Fabrairu ya taso.

Wassalam,
Kwamitin Gudanarwa